Ranar da Rijiyar Malam Gidaɗo Ta Koma Waje

Sakkwato, Ƙofar Kware, farkon damina

Daga Habiba 'yar Malam Gidaɗo zuwa ga taubashina kuma bawana, Tambari, magatakardan Nasara a Zungeru. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, in dai mai zama da Nasara yana lafiya. Mu nan sai godiya. Goggo ta ce in tambaye ka ko ka manta ita ta haife ka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, amma ba ta iya nisa. Baba kuwa, kawunka, idon ya tafi gaba ɗaya, sai dai har yanzu da ka yake ba da karatu a zaure, kuma ba ya barin kuskuren kowa ya wuce.

Bayan haka, Tambari, ga labari mara daɗi. Abin da ya faru a lungunmu ban taɓa jin irinsa ba tun da uwata ta haife ni.

Baturen likita ya naɗa wasu mutane, wai su duba-gari. Aikinsu su bi gida-gida su leƙa randa da tulu da rijiya, suna neman tsutsar ruwa. Cikin gida fa nake gaya maka, ba zaure ba. Da gidan maƙwabciyarmu Kaltume suka fara. Da hantsi ne, mijinta yana kasuwa, ita ana yi mata kitso a tsakar gida, kai a buɗe. Sai ga wani ƙato ya yi sallama sau ɗaya, bai jira amsa ba ya ratsa zaure, dogari na biye da shi. Baiwar Allah ta rasa inda za ta shiga, ta durƙusa bayan turmi, kamar turmi zai ɓoye mace mai ciki. Ya leƙa randarta, ya ce akwai tsutsa, ya sa ƙafa ya tuntsurar da ita, ya fita abinsa. Matar da ko ƙanen mijinta bai taɓa ganin gashinta ba! Har yau in an yi sallama a ƙofarsu sai ta zabura.

Da labari ya iso zaurenmu, Baba yana zaune da almajiransa manya. Sai ya ce a miƙo masa Alƙur'ani, ya ɗora hannu ya ce, "Ku shaida. Wallahi, ran da ƙahwar baƙon namiji tak ƙetare zaurenga tash shiga cikin gidana, na bar Sakkwato. Gabas za ni, kuma ba ni komowa."

Ka san kawunka. Shekarar da Nasara suka shigo, da jama'a suka kama hanyar gabas, har ya ɗaure kaya, ciwon kakarmu ya tsare shi. Tun daga nan zuciyarsa ba ta sauka daga kan hanyar ba. Amma lokacin yana da ido da ƙarfi. Yanzu tsoho ne makaho, in ya fita garin nan ko Bauchi ba zai kai ba, balle Makka.

Matan da nake karantarwa tun da na gama takaba na dawo gida sun daina riƙe karatu, kowace kunnenta na ƙofa. Kai ne kake zaune da mutanen nan kana rubuta musu takardu. Gaya mini, me suke so da mu? Ta ina ake tare su? Ka ba Arzika bafatake amsa, kada ka tsaya yi mini iyayi.

Wassalam. Uwar gijiyarka, Habiba.

Zungeru, tsakiyar damina

Daga Tambari zuwa ga Habiba, wadda ba ta gaji da kiran ɗan halak bawa ba. Na amsa gaisuwarki, ina kuma gaida Kawu da Inna, ki gaya wa mahaifiyata ban manta ba. Ni lafiya lau, ban da zazzaɓin da ya kwantar da ni kwanakin baya. Takardarki ta daɗe a hanya, gulbi ya cika ya tsare jakunan Arzika.

A tsaye na fara karanta ta, a zaune na ƙarasa. Gidan Kaltume? Da rana tsaka? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Amma rantsuwar Kawu ce ta fi tayar mini da hankali, don na san ba ya haɗiye magana.

Ga abin da na sani. Nasara sun yarda cewa tsutsar nan ta cikin randa ita ke zama sauro, sauro kuma shi ke kawo zazzaɓi. Kada ki yi dariya. Ni ma na yi, sai da aka zuba su a kwalba aka rufe da ƙyalle a gabana, bayan 'yan kwanaki suka yi fiffike. Da idona na gani. Suna tsoron zazzaɓi fiye da yadda suke tsoron mashi, don haka ba za su fasa duban nan ba ko duk malaman Sakkwato sun taru.

Sai dai ki riƙe wannan: Bature ruwa yake nema, ba fuskar kowa ba. Bai ma san abin da zaure yake nufi a wurinmu ba, yana ganin ɗaki ne kawai da ake ratsawa. Ku je wurin Mai Unguwa Mode ya kai kukanku sama, ta nan ake bi. Ki kuma roƙi Liman ya yi wa Kawu maganar kaffara. Wanda ya rantse ya ga abin da ya fi alheri, ai yana iya ciyar da miskinai goma ya warware, Kawu ya fi ni sani.

Ki rubuto da sauri. Na rasa barci a kan maganar nan.

Ɗan goggonki, Tambari.

Sakkwato, ƙarshen damina

Zuwa ga Tambari, gaisuwa da fatan zazzaɓin bai dawo ba. Kowa lafiya a nan, gero ya yi kyau bana, Kaltume ta sauka lafiya, mace aka samu.

Zauna sosai kafin ka karanta, don ni da na gani da idona har yanzu ban gama yarda ba.

Mun aika wa Mai Unguwa Mode kamar yadda ka ce. Ya shafa gemu ya ce, "Umarni daga bisa yat taho, mi kuka so in yi?" Maza suka taru a masallaci bayan la'asar, kowa ya yi fushi, kowa ya kawo aya, aka shafa fatiha aka watse. Ka san taron mazanmu.

Rannan na karanta wa mata takardarka a wurin karatu. Da na zo inda ka ce ruwa yake nema, sai Iyatu mai daddawa, tsohuwar nan da ba ta da haƙori amma bakinta ya fi aska, ta buga cinya ta ce, "To in ruwa shika biɗa, mu kai mai ruwan waje mana! Mi ak kawo shi ɗakunanmu?"

Aka yi dariya, sannan aka daina dariya. Tsofaffin mata suka bi gida-gida, tun da su ba kulle a kansu. Wasu mazan suka ce haukan mata ne. Iyatu ta tsaya a ƙofar kowane ɗaya ta tambaye shi da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji, ko ya fi son ƙato ya shiga ya gaida matarsa. Babu wanda ya sake musu.

Ranar duba, tun da asuba aka fara fitar da randuna da tuluna. Tambari, da ka ga lungunmu! Daga bakin masallaci har kusa da ƙofar gari, randa na bin randa, an wanke su an cika da sabon ruwa, kowace da faifai a baki, kowace da tsohuwa zaune a bayanta tana fifita. Ni ta kafar ƙyauren zaure nake leƙe. Duba-gari ya shawo kwana ya tsaya cak, baki buɗe. Iyatu ta ɗaga faifai ta ce, "Ga su nan, ɗana. Duba. In ka ƙare ka sha, ka sha rana."

Bai taɓa ko ɗaya ba, ya juya da gudu ya kira Baturen. Muka ce shi ke nan, yau za a ɗaure tsofaffinmu. Baturen ya zo a kan doki, ya bi layin daga farko har ƙarshe, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Ta bakin tafinta ya ce duk gidan da ya fitar da ruwansa waje, kada a sake shigarsa. Aka ɗauki guɗa daga cikin gidaje, kana ji ta kan katanga. Yanzu har wasu unguwanni sun aiko a koya musu. Mode kuwa yana yawo yana cewa shawararsa ce.

To ga inda murnata ta tsaya. Baturen ya ce randa ana fitar da ita, amma gidan da ke da rijiya dole a shiga a leƙa, kuma za a fara da zarar an gama girbi. Duk lungun nan gida ɗaya ne ke da rijiya a ciki, ka san ko wanne. Mun ceci gidan kowa, ban da namu.

Liman ya zo ya yi wa Baba maganar kaffara. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya tuna masa a wane zaure ya karanta babin, kuma wa ya karantar da shi. Jiya ya sa an ɗinke masa tsohuwar salkarsa ta tafiya. Inna ta kwana tana kuka. Ina jin tsoro, Tambari, ba na ɓoye maka.

Habiba.

Zungeru, farkon kaka

Zuwa ga Habiba, sarauniyar randuna. Ina gaida kowa, ina yi wa Kaltume barka. Ni lafiya, aiki ne ya yi yawa, don haka takardar nan gajera ce.

Na yi dariya har abokin aikina ya ɗauka aljanu ne suka taɓa ni. Abin da malamai da rawunansu suka kasa, Iyatu da faifai ta yi shi. Wallahi na yi alfahari da ku. Yanzu saura ki sa ta yi gammo ta ɗauko rijiyar a ka ta ajiye a lungu. In ta gagare ta, ai a gindin katanga rijiyar take, sai ki ba katangar umarni ta matsa ciki ta bar rijiya a waje, tun da na ga yanzu kowa a Ƙofar Kware umarninki yake bi.

Ina neman hanyar da maganar Kawu za ta kai kunnen wani babba a nan. Akwai tafintan da muke shiri da shi. Ki ɗan ba ni lokaci.

Tambari.

Sakkwato, kaka

Zuwa ga Tambari, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka basira. Daga yau na 'yanta ka, ba na sake ce maka bawa. Muna lafiya.

Ashe ƙwaƙwalwa gare ka? Shekara nawa nake jan ruwa a rijiyar nan ban taɓa lura ba! Na je na auna da ƙafata, tsakaninta da katangar lungu bai fi tsawon tabarma ba. In aka rushe wannan ɓangaren aka zagayo da sabuwar katanga ta ciki, rijiya ta koma lungu. Duba-gari ya leƙa har ya gaji, ƙafarsa ba ta taɓa gidanmu ba. Unguwa kuma ta samu ruwa, tsofaffi su huta da zuwa gulbi.

Na gaya wa Iyatu, kafin azahar duk unguwa ta ji. Gayya za a yi. Magina sun ce ba sa karɓar komai daga gidan Malam, masaƙa da majema sun ce za su kwaɓa ƙasa, an ma fara yin tubali a bakin kududdufi. Mata za su yi tuwo da fura. Mode ne kan gaba wannan karon, ba ya so a sake yin abu ba shi.

An yi rasuwa a Kalambaina, wani tsohon almajirin Baba, zai je ta'aziyya ya kwana biyu. Lokacin za mu yi. Ni da Inna da sauran matan gida za mu koma gidan Kaltume har a gama, babu wanda zai ga wani. Ba mu gaya masa ba, ka san shi, zai ce a'a tun kafin ya ji ƙarshen magana. Gara ya dawo ya tarar an gama.

Ba sai ka wahalar da tafintanka ba. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na jiya har na manta.

Habiba.

Zungeru, ranar da takardarki ta iso

Habiba, gaisuwa a taƙaice, ina lafiya. Ki tsaya! Don girman Allah kada ku taɓa katangar nan!

Wasa nake yi miki. Wasan taubasai ne irin wanda muka saba tun muna yara, ban taɓa zaton za ki ɗauke shi shawara ba. 

Ki tuna kalmomin Kawu kamar yadda ke da kanki kika rubuto mini. Bai ce duba-gari ba. Bai ce Nasara ba. Bai ce in an ga matansa ba. Cewa ya yi in ƙafar baƙon namiji ta shiga cikin gidansa. Su magina da masaƙa da majema ta ina za su tsaya su gina katangar ciki, in ba a tsakar gidan ba? Na san kafin rantsuwa magina na shiga su yi yaɓe. Wannan kafin rantsuwa ne. Kawu mutumin fiƙihu ne, da lafazi yake kama kansa kafin ya kama wani.

In dole a yi, a gaya masa tukuna, ko a bar mu 'yan gida mu yi da hannunmu, ko da zai ɗauki wata guda. Zan nemi izini in taho. Ban jira Arzika ba, na ba wani mai doki da zai bi ta Kwantagora. Allah ya sa ta riga gayyar isa.

Tambari.

Daga zangon farko, hanyar gabas

Zuwa ga ɗan'uwana Tambari. Ina gaishe ka. Jikinmu lafiya. Inna tana wurin Goggo, ƙafarta ba za ta iya tafiya ba.

Takardarka ta same ni ina ɗaure kaya. Na karanta, ban karanta wa kowa ba. Ba laifinka ba ne, kada ka ɗora wa kanka.

An yi gayyar. Ban taɓa ganin unguwarmu ta haɗa kai irin na ranar ba. Har waɗanda ba sa ga maciji da juna suna miƙa wa juna tubali. Katanga ta tashi, rijiya ta koma lungu. Duba-gari ya zo ya leƙa, ya ce ruwa garau, ya wuce. Ko zama bai yi ba.

Da Baba ya dawo na tarye shi a zaure, bakina har kunne. Kafin in yi magana ya karkata kai ya ce, "Wa ka jan guga? Ƙarar ba daga inda nis san ta taka hitowa ba." Na kwashe labari na gaya masa, ina jira ya sa mini albarka.  Ya tuɓe takalmi kamar yadda ya saba, ya shiga tsakar gida. Mun share, Tambari, wallahi mun share. Amma inda aka kwaɓa ƙasa ya bushe da sawun mutane a jiki. Ƙafarsa ta faɗa cikin ɗaya, dab da ƙofar ɗakin Inna. Ya tsuguna ya bi shi da yatsu, daga diddige har babban yatsa.

Ya ce, "Habiba, wanga sawun wa na?"

Na ce, "Baba, magina na. Mun hitad da mata dut, ba wanda yag ga kowa."

Ya ce, "Ba bisa ido nir rantse ba, ɗiyata. Bisa ƙahwa nir rantse."

 Abin da Nasara da dogarinsu ba su yi ba, ni na yi shi, da hannuna, da mutanen da suka fi kowa ƙaunarsa.

Washegari ya sa aka tara duk wanda ya yi aikin. Ya kira kowa da sunansa da sunan ubansa, ya yi masa godiya, ya yi masa addu'a. Suna ta murna, sun ɗauka an wuce wurin. Sai da aka shafa ya gaya musu zai tafi.  Mode, Mode fa, ya fashe da kuka kamar yaro. Liman ya ce unguwa za ta ciyar da miskinai ɗari in goma ba su isa ba. Iyatu ta kutsa cikin maza ta jefar da kallabinta a gabansa ta ce, "Malam, mu munka yi, mu za ka hukunta! In rushewa kaka so, yanzu mu rushe ta!"

Ya ce, "Alheri kunka yi min, Allah shi saka muku. Ku bar katanga, ku sha ruwa. Amma ni nir rantse, ba unguwa ba."

Ban ji fushi a muryarsa ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Har na ga kamar wani nauyi ne aka sauke masa.

Ba zan bar makaho ya kama hanyar Makka shi kaɗai ba. Na bar wa Kaltume allunan mata, ta fi su karatu. Mun bi ayarin fatake, Arzika zai rabu da mu gobe ya yi kudu da takardar nan. Kada ka aiko da amsa Ƙofar Kware. Ka dubi Inna, ka yafe mini wasan bawa da na riƙa yi maka.

Da safen da za mu fito ya ce zai yi alwala da ruwan rijiyar da ubansa ya haƙa. Sai da muka fita ta zaure muka zagaya lungu. Muka tarar da layi. Wata tsohuwa daga wata unguwa, ba ta san shi ba, ta ce, "Malam, dakata in cika tuluna, ni nir riga ka." Ya ce ta yi gaskiya. Ya tsaya ya jira har ta gama.

Da ya idar ya miƙa hannu yana lalube, yana neman katangar da ya saba dafawa, hannunsa bai taɓa komai ba. Ya tsaya a tsakiyar lungun da aka haife shi ya ce, "Habiba, ina gabas take?"

Na kama kafaɗunsa na juya shi.

Wassalam. Habiba.